Muhawara: A ina George Stubbs ya samo ran da ke cikin dawakinsa?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan George Stubbs, mai zanen dabbobi da karkara na ƙasar Ingila, wanda aka haifa a Liverpool a 1724, ya rasu a Landan a 1806. Ra'ayina shi ne, abin da ya ɗaga shi sama da waɗanda suka riga shi zanen dawaki, irin su John Wootton da James Seymour, shi ne ya san abin da ke ƙarƙashin fata kafin ya ɗora fenti a kan fatar. Mahaifinsa majemi ne, don haka tun yana yaro ya saba da fata da gawar dabba. Da ya girma ya zauna a York yana koyon ilimin ginin jikin ɗan Adam a wajen likitocin fiɗa, har a 1751 ya yi zane-zanen wani littafin ungozoma na Dakta John Burton. A 1756 ya kama hayar wani gidan gona a ƙauyen Horkstow da ke Lincolnshire, shi da abokiyar zamansa Mary Spencer, suka shafe wata 18 yana feɗe dawaki. Yakan zubar wa doki jini har ya mutu, ya ɗura narkakken kitse a cikin jijiyoyinsa, ya rataye shi da ƙugiyoyi a jikin sandar ƙarfe da ke rufin ɗaki, ya sa katako a ƙarƙashin kofatansa don ya tsaya kamar mai rai. Daga nan sai ya shiga ɗaye shi hawa-hawa, fata, tsoka ta sama, tsoka ta ciki, har ƙashi, kowane hawa sai ya zana shi kafin ya wuce. Da masu sassaƙa hoto a farantin jan ƙarfe suka ƙi karɓar aikin, sai ya zauna ya sassaƙa da hannunsa, littafinsa na ginin jikin doki ya fito a 1766. Ni a wajena duk wata dabararsa ta zane daga wannan ɗaki ta fito. Ina jiran ra'ayoyinku.

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam Habu. A matsayina na mai duba lafiyar dabbobi, ina so in ƙara bayani a kan dalilin waɗannan matakai, domin kowanne yana da aikinsa. Da zarar dabba ta mutu jijiyoyin jini sukan shafe, su lafe a jikin tsoka, ba za ka ƙara ganin yadda suke tasowa a fuska da cinya ba. Kitsen da yake ɗurawa shi ke riƙe su a cike kamar lokacin da zuciya ke bugawa. Ratayewar kuwa ta fi komai muhimmanci, saboda tsokar dokin da ke kwance a ƙasa takan zube gefe guda, alhali shi yana neman ya ga yadda kowace tsoka ke zama idan dabba tana tsaye a kan ƙafafunta. Kafin nasa, babban littafin da Turawa suka dogara da shi a wannan fanni shi ne na Carlo Ruini na Italiya, wanda ya fito a 1598, kuma marubuta da yawa kwafarsa suka riƙa yi fiye da shekara 150. Masanin ginin jiki na ƙasar Holan, Petrus Camper, har wasiƙar yabo ya aiko wa Stubbs. Duk wanda ya buɗe hoton Whistlejacket, wani dokin tsere da Stubbs ya zana a miƙe a kan ƙafafun baya, ya faɗaɗa shi a waya zai ga jijiyoyin da suka taso a cikin cinyar baya, da yadda nauyin dokin gaba ɗaya ya taru a gwiwoyin ƙafafun baya, kuma babu tsoka ɗaya da aka ajiye a inda ba wurinta ba. Abin da ba zan ɓoye ba shi ne, hanyar kashe dabbobin tana da zafi, kuma ba na jin daɗin a riƙa ba da labarinta kamar jarumtaka kawai.

Baba Shamaki: Malam Habu, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Na tsufa a cikin barga, kuma abin da na sani shi ne mataccen doki ba ya koya wa mutum halin mai rai. Gawa ba ta motsa kunne, ba ta buɗe hanci, ba ta nuna farin ido idan ta tsorata. Ku duba zanensa na goɗiyoyi da duƙushinsu: wata ta mai da kunne baya tana gargaɗin 'yar uwarta, wata ta saki ƙafa ɗaya tana hutawa, duƙushi ya lanƙwasa wuya yana shan nono. Wannan sai wanda ya daɗe a tsaye a makiyaya yana kallo. Sannan ga hujja ta biyu. Idan fiɗa ce tushen komai, me ya sa ya kuskure sukuwa? A zanen dokin tsere Gimcrack na wajen 1765, dawakin da ke tsere a can baya duk sun miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, suna shawagi a iska, kuma doki ba ya gudu haka. Lokacin da ƙafafunsa huɗu ke barin ƙasa, a tattare suke a ƙarƙashin ciki.

Dakta Rabi: Baba, maganarka a kan sukuwa gaskiya ce, sai dai wannan kuskuren na zamanin ne baki ɗaya, domin idon mutum ba ya iya raba motsin ƙafafun doki a guje. Sai a 1878, da Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a California ya ɗauki doki yana gudu, aka tabbatar da yadda abin yake. Ina kuma ganin Stubbs ya san iyakar abin da idonsa ya tabbatar masa, shi ya sa a mafi yawan manyan ayyukansa dokin yana tsaye ne, ko yana tafiya, ko ana goge masa gumi, tseren kuma ya tura shi nesa ya ƙanƙanta shi.

Malama Zainab: Ina koyar da zane, kuma ina ganin duk kun tsaya a kan abin da ya sani, ba ku taɓo abin da ya yi da buroshi ba. Likitan fiɗa ma ya san tsoka, amma ba zai iya zana Whistlejacket ba. Bari mu tsaya a kan wannan zanen, wanda ya yi wa wani basaraken Ingila, Marquess na Rockingham, a wajen 1762, tsayinsa ya kusa mita 3, yanzu yana Gidan Zane na Ƙasa a Landan, wanda ya saye shi a 1997 a kan fam miliyan 11. Babu mahayi, babu sirdi, babu linzami, babu bishiya, babu ko ƙasar da dokin ya taka, sai fili mai launi guda da 'yar inuwa kaɗan a ƙarƙashin kofatan baya. Wannan 'yar inuwar ita kaɗai ke hana dokin ya zama abin da ke yawo a iska. Tunda babu komai a baya, sai layin da ya zagaye jikin dabbar ya ɗauki nauyin zanen duka, daga kunne, ta kan geza, ta gadon baya, zuwa wutsiya. A wancan zamani girma irin wannan da tsayuwa irin wannan, doki ya miƙe a kan ƙafafun baya, na sarakuna ne da janar-janar, shi kuwa ya ba dabba ita kaɗai.

Sai maganar fentin kansa. Daga nesa za ka ɗauka ya bi gashi ɗaya bayan ɗaya ne, amma da ka matso sai ka ga ba haka ya yi ba. Yana shimfiɗa launi siriri-siriri, wani a kan wani, ta yadda na ƙasa ke leƙowa ta cikin na sama, shi ya sa jan jikin dokin yake da zurfi, yana komawa ruwan zuma a inda haske ya faɗa, yana duhu a ƙarƙashin ciki. Ba ya zagaye tsoka da baƙin layi. Sauyin haske ne ke nuna ta. Da ya zo geza da wutsiya kuma sai ya saki hannu, ya ja buroshi da sauri, har ana ganin sawunsa. Wannan bambanci tsakanin inda ya natsu da inda ya yi sauri, shi ne nake ƙoƙarin ɗalibaina su gane, domin yawancinsu sukan ba kowane ɓangare na zane ƙoƙari iri ɗaya, sai dabbar ta fito a sandare.

Aminu: Malama, ina da tambaya. Na ji ana cewa zanen ba a gama shi ba ne, wai an shirya a ɗora Sarki George na Uku a kan dokin, wani mai zane kuma ya cika bayan da karkara, sai aka fasa. Idan haka ne, ashe abin da muke yabo haɗari ne kawai ya haifar da shi?

Malama Zainab: Aminu, labarin tsoho ne kuma ana yawan maimaita shi, amma akwai abin da ke raunana shi. A wannan shekarar ta 1762 Stubbs ya yi wa Rockingham ɗin wasu zane-zane waɗanda su ma babu komai a bayansu, ciki har da jerin goɗiyoyi da duƙushinsu, kuma da wuya a ce duka mantuwa ce ko fasawa. Abin da ya tabbata shi ne tsarin aikinsa: yakan fara gama dabbobin tukuna, sannan ya zagaye su da bishiyoyi da sararin sama. Don haka a kowane zanensa akwai lokacin da dawakin ke tsaye a kan fili babu komai, kuma ba abin mamaki ba ne shi da mai ba shi aikin su dubi wannan matakin su ga ya wadatar. Ka kuma lura da yadda ya jera goɗiyoyin nan a layi ɗaya daga hagu zuwa dama, wuyan wannan yana sauka inda ƙugun waccan ke hawa, tazarar da ke tsakanin ƙafafu tana maimaita kanta. Dawaki a makiyaya ba sa jera kansu haka. Shi ya auna, ya tsara, sannan ya ɓoye awon.

Malam Habu: Malama Zainab, na karɓi maganar tsari, amma ina ganin tana ƙarfafa tawa ce. Mutum ba ya iya cire komai daga bayan doki sai ya tabbata jikin dokin ba shi da inda za a kama shi da kuskure, saboda bishiya da mahayi da kayan doki su ne ke rufa wa mai zane asiri. A littafinsa na 1766 ma haka dawakin suke, tsaye a kan farar takarda, daga gefe, daga gaba, daga baya. Ya riga ya saba da kallon doki a haka shekaru kafin Rockingham ya kira shi. Ga kuma abin da zai gwada maganar: a 1772 masanin tsirrai Joseph Banks, wanda ya dawo daga tafiyar binciken teku ta Kyaftin Cook, ya sa shi ya zana kangaru, dabbar Ostareliya da bai taɓa gani ba, sai busasshiyar fata da aka cika ta ta kumbura da 'yan bayanai. Ku kwatanta wannan zanen, wanda ke gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich, da jakin dawan Sarauniya Charlotte da ya zana a 1763 yana kallonsa ido da ido. Kangarun yana da kyau, amma jikinsa ba shi da tabbacin da na jakin dawan yake da shi.

Baba Shamaki: To ai Malam, jakin dawan nan bai feɗe shi ba, kallonsa ya yi yana raye. Hujjar taka ta dawo wajena.

Malam Habu: Baba, bai feɗe shi ba, amma ƙashin jakin dawa da tsokarsa 'yan uwan na doki ne, abin da ya koya a Horkstow ya yi masa aiki a nan. Na kangaru kuwa ba su da dangi a cikin abin da ya sani.

Injiniya Sale: Ku ba ni dama in kawo ɓangaren da ba a taɓa ba, wato sinadaran da ya yi aiki da su, domin a nan ne ya yi nasara mafi ban mamaki, a nan ne kuma ya jawo wa ayyukansa lahani. Daga ƙarshen shekarun 1760 ya damu da cewa fentin mai yana duhu yana tsagewa idan ya tsufa, sai ya koma neman launin da ake gasawa a wuta ya narke ya zama gilashi, irin rufin da ke jikin langa da fanteka. Kafin shi, ƙananan hotuna ake yi da wannan fenti, na murfin agogo da akwatin taba. Wahalarsa ita ce launin da ka shafa ba shi ne zai fito daga tanderu ba, kuma kowane launi yana da zafin da yake narkewa, don haka ya shafe kusan shekara biyu yana gwaji har ya samu launuka 19 da za su jure wuta. A 1769 ya yi zaki yana kai wa doki hari a kan farantin jan ƙarfe, yana gidan zane na Tate yanzu. Amma jan ƙarfe yana lanƙwashewa a wuta idan ya yi faɗi, shi ya sa ya nufi Josiah Wedgwood, shahararren mai tangaran, ya roƙe shi ya gasa masa manyan faranti na yumɓu. Wedgwood ya sha fama, faranti suna tsagewa suna karkacewa, kafin a samu waɗanda faɗinsu ya kai kusan mita ɗaya. A 1780 Stubbs ya je ya zauna a Etruria, inda masana'antar take, har ya zana iyalin Wedgwood. Kasuwa ba ta karɓi aikin ba, kuma Makarantar Zane ta Sarauta ta rataye su a inda ba a gani sosai, abin da ya ƙara ɓata tsakaninsa da ita. Sai dai waɗanda suka tsira, launinsu yana nan garau bayan fiye da shekara 200.

Lahanin kuwa ya zo ne ta wajen zanen da ya yi a kan katako daga shekarun 1770, inda ya riƙa gauraya fenti da kakin zuma da ƙaron itace da maiƙon da ba ya bushewa, yana neman santsi irin na gasasshen fenti. Irin wannan haɗin ba ya taurin da fentin mai na gaske ke yi, don haka da masu gyaran zane na baya suka zo wanke dauɗa da sinadaran da suka saba, sai fentin ya biyo audugarsu. Zanensa da dama na wannan lokacin sun koɗe, wasu sun rasa inuwar da ta ba dabbar cika. Ba shi kaɗai ba ne, Joshua Reynolds, shahararren mai zane na zamaninsa, shi ma ya yi gwaji da kaki kuma ayyukansa sun wahala, amma ga mutumin da burinsa shi ne zane ya dawwama, abin yana da ciwo.

Hajiya Binta: Na gode Injiniya. Ni damuwata tana wajen zanensa na karkara, musamman biyun nan na 1785, masu tara ingirici da masu girbin alkama, waɗanda Tate ta saya a 1977. Mutumin da ya jure warin gawa wata 18 don kada ya yi wa tsokar doki ƙarya, da ya zo kan ma'aikatan gona sai ya sa musu fararen riguna tas, mata da huluna masu ado, babu gumi, babu ƙura, babu wanda bayansa ya gaji. A na girbin ga wani mai hali a kan doki yana duban masu aiki, kowa kuma fuskarsa a sake. Shekarun nan su ne lokacin da masu ƙasa a Ingila ke killace filayen da talakawan ƙauye suka saba kiwo a kai, mutane da yawa suna komawa 'yan ƙodago. Ban ga alamar wannan a zanen ba ko kaɗan, kuma ina ganin dalilin a fili yake: masu sayen zane su ne masu gonakin.

Malama Zainab: Hajiya, ba zan musa ba cewa tufafin sun yi tsabta fiye da kima. Abin da zan ce shi ne, ya yi wa mutanen abin da ya yi wa goɗiyoyin ne, ya jera su, ya daidaita su. A na ingiricin, amalanke da mutumin da ke samansa sun zama ƙololuwa, sandunan manjagara suna jan ido zuwa sama, matar da ke tsakiya ta tsaya ta riƙe ƙugu tana dubanka kai tsaye. Masu zanen zamaninsa da yawa sukan mai da talakan ƙauye abin dariya ko abin tausayi, ko su ƙanƙanta shi a gindin bishiya. Shi ya ba kowannensu fuska tasa da tsayuwa mai mutunci, kamar yadda a zanen tsere yakan ba yaran barga kulawar da ba ta gaza wadda yake ba iyayen gidansu ba.

Hajiya Binta: Mutunci ya ba su, Malama, amma ya ɗauke musu wahalarsu, kuma wanda ya kalli zanen zai tafi da tunanin cewa girbi hutu ne. A nan dabarar tsarin da kike yabo ta yi wa masu gona aiki.

Baba Shamaki: Hajiya, idan kina neman inda ya nuna wahala, ki duba Hambletonian, wanda ya zana a 1800 yana da shekara 75. Dokin ya ci tsere a Newmarket a 1799, ya kayar da wani doki mai suna Diamond da ƙyar bayan gudun fiye da mil huɗu, an kuma yi masa bulala da ƙaimi har ya yi jini. Mai dokin, Sir Henry Vane-Tempest, nasara yake so a zana masa, sai Stubbs ya zana dokin bayan an sauke masa sirdi, kunnuwa a kwance, baki a buɗe, yana ɗaga ƙafa don ba ya son a taɓa shi, yaron barga yana riƙe da tsumma, ɗayan mutumin yana riƙe da linzami yana kallonmu ba fara'a. Raunukan bai zana su ba, amma duk wanda ya taɓa sauka daga kan dokin da aka ƙure zai gane halin da dabbar take ciki. Sai da ya kai mai dokin kotu kafin a biya shi kuɗinsa. Zanen yana Mount Stewart a Ireland ta Arewa. Wannan shi ne wanda na fi so a cikin ayyukansa, kuma ina nan a kan bakana cewa a bakin barga ya koyo shi.

Dakta Rabi: Baba, a wannan zanen akwai abin da ya kamata mu duba tare. Ƙafafu biyun da dokin ya ɗaga duk na gefe ɗaya ne, tsayuwar da doki ba zai iya riƙewa ba sai na ƙiftawar ido, kuma hannun yaron da ya ɗora a wuyan dokin ya fi tsawon da ya kamata. Mutumin da a wannan lokacin yake tsakiyar wani sabon aiki da ya fara a 1795, na kwatanta ginin jikin mutum da na damisa da na kaza, bai manta tsawon hannu ba, bai kuma manta yadda doki ke raba nauyinsa ba. Ina ganin da gangan ya yi, don mai kallo ya ji dokin yana tangaɗi, yana gab da faɗuwa. Malam Habu, ina so in ji yadda za ka daidaita wannan da ra'ayinka, domin a nan ya san daidai sarai, ya kuma zaɓi ya kauce masa.